Tabon da Ido Ba Ya Gani: Yadda Ake Auna Tsabtar Lu'ulu'u da Tasirinta a Kan Farashi

A jera lu'ulu'u biyu a kan farar takarda, nauyinsu ɗaya, launinsu ɗaya, yankan da aka yi musu ma iri ɗaya. Duk ƙura idon da mutum zai yi ba zai iya cewa ga wanda ya fi wani ba. Amma da zarar an buɗe takardun shaidarsu sai a tarar an rubuta wa ɗaya matakin tsabta VVS1, ɗayan kuma VS2 da ke ƙasa da shi, tazarar kuɗin da ke tsakaninsu kuwa ta isa ta sa mai saye ya gyara zama. Wannan tazara ita ce kuɗin tsabta. A cikin ma'aunai huɗu da ake yi wa lu'ulu'u kuɗi da su, wato nauyi da launi da yanka da tsabta, babu wanda aka fi yi wa gurguwar fahimta kamar wannan na ƙarshe. Mutane da yawa sun ɗauka cewa matakin tsabta yana faɗin kyan dutse ne. Abin da yake faɗa a zahiri shi ne ƙarancin irinsa a duniya, kuma waɗannan abubuwa biyu ba kullum suke tafiya tare ba.

Lu'ulu'u sinadarin kabon ne da ya dunƙule a can cikin ƙasa, a zurfin kilomita 150 zuwa 200, cikin zafin da ya kai kusan digiri 1,000 ko ya zarce, da matsin da babu irinsa a doron ƙasa. Yawancin waɗanda ake haƙowa sun shekara biliyan 1 zuwa biliyan 3 da wani abu kafin aman wuta ya turo su sama cikin wani dutse da ake kira kimbalait. Abin da ya girma a irin wannan wuri da wuya ya fito sumul. Yana cikin girma sai ya haɗiye ƙwayar wani ma'adini da ke kusa da shi, ganet ja ko olibin mai kore-kore ko baƙin ma'adini mai ƙarfe, wani lokaci ma ƙaramin lu'ulu'u ne a cikin babba. A hanyarsa ta fitowa kuma ya tsage a wani gefe. Duk abin da ya maƙale a ciki, ko ya faro daga waje ya nutsa ciki, shi ne tabon ciki. Wanda ya tsaya a fatar dutsen kawai, kamar ƙarzuwa ko layin da injin gogewa ya bari, tabon waje ne, kuma hukuncinsa ya fi sauƙi domin ana iya goge shi.

Abin da ɗan kasuwa yake kira aibi, shi masanin ƙasa yake nema ido rufe. A shekarar 2014 ayarin Graham Pearson na Jami'ar Alberta da ke Kanada ya bayyana cewa ya samu ƙwayar wani ma'adini mai suna ringwudait a cikin wani ɗan mummunan lu'ulu'u daga yankin Juina na Birazil, dutsen da ba zai yi wata daraja a kanti ba. Ƙwayar tana ɗauke da ruwa kusan kashi 1.5 cikin 100 na nauyinta, abin da ya zama hujjar cewa akwai ruwa a ɗaure cikin duwatsun da ke zurfin fiye da kilomita 400. Babu rijiyar da ɗan Adam ya taɓa haƙawa da ta kusanci wurin. Tabon ne ya kawo labarin.

Kafin tsakiyar ƙarni na 20 kowane dillali da bakinsa yake magana. Wannan ya ce dutsensa tsaf yake, wancan ya ce nasa ba shi da aibi sai ɗan kaɗan, kuma babu wanda zai iya faɗa maka iyakar wannan ɗan kaɗan ɗin. Cibiyar nazarin duwatsu masu daraja ta Amurka, GIA, wadda Robert Shipley ya kafa a 1931, ita ta kawo ƙarshen wannan ruɗani. A 1953, ƙarƙashin jagorancin Richard Liddicoat, ta fito da tsarin auna launi da tsabta, a 1955 kuma ta fara ba da takardun shaida. Ginshiƙin tsarin magana ɗaya ce: ana yanke hukunci ne da gilashi mai ƙara girman abu sau 10, ba ƙari ba ragi. Wannan iyaka mutane ne suka yanka ta. Idan aka ƙara ƙarfin madubi zuwa sau 60 ko 100, kusan kowane dutse zai nuna wani abu. Saboda haka idan aka ce lu'ulu'u ba shi da aibi, ma'anar ita ce ƙwararren ido bai ga komai ba a wannan girman na sau 10.

Matakan guda 11 ne. A ƙololuwa akwai FL, wanda ba a ga komai a cikinsa ko a fatarsa ba. Ƙarancinsa ya kai mutum ya ƙare rayuwarsa a sana'ar kayan ado bai taɓa riƙe guda ba. Mai bi masa shi ne IF, cikinsa fes, sai dai ɗan tabon waje. An ƙara wannan mataki ne a shekarun 1970. Daga nan sai VVS1 da VVS2, masu tabon da shi kansa ƙwararre sai ya sha wuya kafin ya gano. Sau da yawa tabon VVS1 ɗigo ne guda da ba a ganinsa ta sama sai an kifa dutsen an leƙa ta ƙasa. VS1 da VS2 tabonsu ƙanana ne, ana samunsu da gilashi bayan ɗan nema. A SI1 da SI2 kuwa da an ɗora gilashi za a gani, ba sai an nema ba, wasu ma ido tsirara yana kama su. Ƙarshen layi su ne I1 da I2 da I3, inda tabon yake bayyane, yana iya dusashe ƙyalli, a I3 ma har ya sa dutsen cikin haɗarin fashewa. Ɗakunan gwaji na Turai, irin su HRD da ke Antwap ta Beljiyam, sun saba haɗe FL da IF a suna ɗaya, sannan su kira na ƙasa P1 zuwa P3, amma tunanin duk ɗaya ne.

Yadda ake aikin kansa ya cancanci a tsaya a kansa, don a nan ne za a gane dalilin da ya sa harafin da ke kan takarda ba ya faɗin komai da komai. Mai gwaji yakan fara goge dutsen tas da ƙyalle marar zare, domin ƙwayar ƙura guda kan iya yi masa shigar tabo. Sai ya kama shi da ɗan hantsaki, ya sa shi ƙarƙashin madubin ƙara girma wanda haske ke shigo masa ta gefe, bayansa kuma baƙi ƙirin, ta yadda duk wani abu da ke ciki zai haska. Yakan raba dutsen gida takwas a zuciyarsa, ya bi kowane gida daga faffadar fuskar sama zuwa ƙugu, wato bakin da ya zagaye dutsen, ya juya shi ya bi ta ƙasa har tsini. Idan ya ga ɗigo yana shakkar ko ƙura ce, sai ya taɓa wurin da tsinin allura ko ɗan buroshi mai laima. In ya motsa, ƙura ce. Bayan ya gama gano komai, sai ya ajiye babban madubi ya ɗauki ƙaramin gilashin hannu, ya dubi dutsen ta sama kamar yadda zai zauna a kan zobe. Abin da ya gani a wannan kallon shi ne ke yanke hukunci. A manyan ɗakunan gwaji ba mutum ɗaya ake bar wa maganar ba, kuma masu gwajin ba sa sanin mai dutsen.

Abubuwa biyar yake aunawa: girman tabon, yawansa, wurin da yake, irinsa, da yadda ya fita daban da jikin dutsen. Girma shi ne kan gaba, kuma ana kwatanta shi ne da girman dutsen kansa, don tabon da zai nutse a dutse mai nauyin karat 3 zai cika ido a mai rabin karat. Yawa ba shi da nauyin da ake zato. Ɗigo biyar ƙanana a warwatse sukan sami mataki mafi kyau fiye da ƙwaya ɗaya babba, domin yawanci tabo mafi girma ne yake tsayar da matakin, sauran rakiya suke yi.

Wuri kuwa shi ne inda sa'a take shigowa. Tabon da ya zauna a tsakiyar fuskar sama, nan ido yake fara sauka. Wanda ya raɓe a gefe kusa da ƙugu, maƙeri zai iya ɗora masa ɗaya daga cikin faratan da ke riƙe dutsen a kan zobe, shi ke nan ya ɓace. Mafi sharri shi ne wanda ya faɗa can ƙasa kusa da tsini, saboda fuskokin ƙasan lu'ulu'u madubai ne, sai su ɗauki tabo ɗaya su nuna shi sau shida ko takwas a kewaye. Haka nan launi: farar ƙwaya mai shara-shara takan saje da walƙiyar dutsen, amma baƙa mai girman daidai da ita tana nan kamar ƙuda a cikin nono. Duwatsu biyu za su iya fitowa da SI1 a takarda, ɗaya ido bai ga komai a cikinsa ba, ɗayan kuwa da baƙin ɗigo a tsakiyar fuska. A jadawalin dillalai farashinsu ɗaya ne. A hannun wanda ya san abin da yake yi, ba ɗaya ba ne.

Masu sana'ar sun raɗa wa tabban sunaye gwargwadon kamanninsu. Akwai allura, ƙwaya ce siririya doguwa. Akwai gajimare, tarin ɗigo ne ƙanana da suka taru wuri ɗaya. Akwai ƙulli, ƙwayar lu'ulu'u ce da ta leƙo har fatar dutsen bayan an goge. Akwai kogo, inda wata ƙwaya ta fice ta bar rami. Sai kuma gashin tsuntsu, suna mai daɗi da aka ba tsaga. Cikakkiyar takardar shaida takan zo da zanen dutsen ta sama da ta ƙasa, an yi alamar tabban ciki da jan tawada, na waje da kore. Zanen yana nuna iri da wuri, amma ba ya nuna yadda tabon yake a ido, saboda haka zane mai cike da jajayen alamu zai iya zama na dutse mai kyan gani, mai alama ɗaya tak kuma ya zama shi ne mai baƙin ɗigon nan. Amfaninsa na biyu shi ne shaida: babu lu'ulu'u biyu masu tabo iri ɗaya a wuri ɗaya, don haka da zanen ake tabbatar da cewa dutsen da aka kai gyara shi ne aka dawo da shi.

To ina kuɗi ya shigo? Tun 1978 dillalin lu'ulu'u Martin Rapaport yake fitar da jadawalin farashi daga birnin New York, wanda dillalan duniya suke ɗora cinikinsu a kai. Kowane rukunin nauyi da nasa allon, launi yana gangarowa daga sama zuwa ƙasa, tsabta tana tafiya daga hagu zuwa dama, kowane gurbi kuma da farashin karat ɗaya a ɗaruruwan dalolin Amurka. Karat ɗaya kashi ɗaya ne cikin biyar na giram. Dillalai ba sa saye da wannan farashi kai tsaye, sai dai su yi ciniki a kan kashi nawa za a rage ko a ƙara a kansa. Wanda ya nazarci allon zai lura cewa tazarar matakai ba daidai take ba. A duwatsu masu launi na tsaka-tsaki, hawa daga wani mataki zuwa na gaba ƙari ne mai sauƙi. A kusurwar sama kuwa, inda launin D, wato fari fat marar sirki, ya haɗu da IF, farashin tsalle yake yi, kuma tsallen yana ƙaruwa da girman dutse. Dalili shi ne ƙaranci yana ninka ƙaranci: babban dutse yana da wuyar samu, babba kuma fari ya fi wuya, babba fari marar tabo kuwa sai an tona ƙasa mai yawan gaske kafin a dace da guda.

Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne. Daga VS2 zuwa sama, a dutse zagayayye mai matsakaicin girma, abin da mai saye yake biya ba ya ƙara ko ƙyas na walƙiya. Walƙiya daga yanka take zuwa, daga kusurwoyin da aka jera fuskoki 57 ko 58 a kansu har haske ya shiga ya dawo ta sama. Lu'ulu'u mai FL da aka yi wa mummunan yanka zai zauna dishi-dishi kusa da mai SI1 da ya samu hannun gwani. Wanda yake tara duwatsu don ƙarancinsu, ko yake ajiyar dukiya a cikinsu, yana da hujjar bin manyan matakai. Amma wanda zobe yake so a sa a hannu a yi ado da shi, ya rage wa yanka kuɗi don ya kai VVS, ya yi asarar abin da ake gani saboda abin da ba za a taɓa gani ba. Shi ya sa 'yan kasuwar suke da wani ma'auni nasu wanda ba ya cikin kowace takarda: shin dutsen tsaf yake a ido, idan aka riƙe shi kamar tazarar taƙi ɗaya daga fuska a hasken rana?

Amsar wannan tambaya tana sauyawa da siffar yanka. Zagayayyen yanka mai yawan ƙananan fuskoki yana wargaza haske, tabo ya ɓuya a cikin walƙiya. Yanka mai hawa-hawa irin na zumurrudu, da ɗan'uwansa na Asscher, fuskokinsu dogaye ne masu faɗi, ana hango cikin dutsen har ƙasa, don haka tabon da zai wuce salin-alin a zagayayye zai fito fili a nan, kuma hawa zuwa VS1 yana da ma'ana. A duwatsu masu launi, ruwan hoda ko shuɗi ko ɗorawa mai kauri, launin ne sarki, tsabta tana bin baya.

Akwai kuma wuraren da tabo ya wuce maganar ado. Lu'ulu'u ya fi kowane ma'adini tauri, babu mai ƙarzarsa sai ɗan'uwansa, amma tauri daban, juriyar bugu daban. Yana da jijiyoyi ta fuskoki huɗu waɗanda in bugu ya dace da su zai rabe. Tsagar da ta kai fatar dutse a kan ƙugu, ko a tsinin dutse mai kusurwa, wuri ne da bugu ɗaya a jikin ƙofa zai iya ƙarasawa. Gajimare shi ma yana da nasa makircin. Idan aka ga dutse mai SI2, zanensa kusan babu alama, amma a wurin ƙarin bayani an rubuta cewa matakin ya dogara ne a kan gajimaren da ba a zana ba, to a yi hattara. Sau da yawa hazo ne ya game dutsen gaba ɗaya, ya mayar da shi fari-fari marar rai, ko da ba a ga ɗigo ko ɗaya ba.

Sannan ba kowace takarda ce takarda ba. Auna tsabta hukuncin ido ne, kuma ko a ɗakin gwaji ɗaya ana iya samun saɓanin mataki guda a dutsen da ya faɗa kan iyaka. Tsakanin ɗaki da ɗaki kuwa saɓanin kan fi haka. Matakin SI3 da ake gani a wasu takardu, GIA ba ta san da shi ba. Galibi dutsen I1 ne aka saka wa riga. A 2014 Rapaport ya cire takardun ɗakin gwajin EGL daga dandalinsa na cinikin lu'ulu'u saboda ƙorafin ƙara wa duwatsu matakin da ba su kai ba. Kwatanta farashin duwatsu biyu ba tare da duba wanda ya ba su takarda ba, aikin banza ne.

Ana kuma yi wa tabo magani. Hanya ta farko ita ce a huda siririyar hanya da hasken leza har zuwa baƙar ƙwaya, a zuba asid ya cinye ta ko ya faranta ta. Wannan gyara ne na dindindin, GIA tana auna irin wannan dutse ta kuma rubuta abin da aka yi masa. Ta biyu, wadda Zvi Yehuda na Isra'ila ya fito da ita a shekarun 1980, ita ce a cika tsaga da wani abu mai kama da gilashi har ta daina ganuwa. Wannan ba ya dawwama, wutar maƙeri a wurin gyaran zobe tana iya lalata shi, shi ya sa GIA ba ta ba irin wannan dutse mataki sam. Ana gane shi da wani walƙiya mai launin shuɗi ko shunayya da ke gilmawa a cikin tsagar idan ana juya dutsen. Sayar da kowannensu ba laifi ba ne muddin an faɗa, an kuma rage kuɗi. Ɓoyewar ce ha'inci.

Magani na uku shi ne a yanke tabon a zubar, kuma wannan lissafi ne da mai yanka yake yi tun dutsen yana ɗanye: ya bar nauyi tare da tabo, ko ya sadaukar da nauyi ya sami tsabta. Babu misalin da ya fi na shuɗin lu'ulu'un Wittelsbach, wanda ya fito daga Indiya ya daɗe a taskar sarakunan Bavariya. A watan Disamban 2008 ɗan kasuwar kayan ado Laurence Graff ya saye shi a gwanjon Christie's na Landan a kan fam miliyan 16.4, yana da karat 35.56 da matakin VS2, gefunansa duk sun sha ƙarzuwar ƙarnoni. Ya sa aka sake yanka shi, ya koma karat 31.06, matakinsa ya hau IF, launinsa ma ya ƙara daraja. Sama da karat 4 na ɗaya daga cikin duwatsu mafi tsada a duniya suka tafi a ƙura. Ta fuskar kasuwa lissafin ya fita. Masana tarihi da dama kuwa sun yi tir, suna ganin an shafe aikin hannun mutanen ƙarni na 17 don a sami haruffa biyu, kuma ni ma a gefensu nake. Lu'ulu'un Hope da ke gidan tarihi na Smithsonian a Washinton, mai karat 45.52, VS1 ne, kuma babu wanda ya taɓa tsayawa a gabansa ya ji wani abu ya ragu.

Abin da ya girgiza wannan tsari a 'yan shekarun nan shi ne lu'ulu'un da ake ƙerawa a masana'anta. Shi ma kabon ne, shi ma lu'ulu'u ne na gaskiya, yana kuma da nasa tabban: wanda aka yi da matsi da zafi yakan riƙe ɓurɓushin ƙarfen da aka narka shi a ciki, wanda aka gina daga iskar gas kuma yakan nuna baƙaƙen ɗigo na kabon da bai rikiɗa ba. Sai dai masana'antu sun ƙware har manyan matakai sun zama ruwan dare, farashinsu kuma ya faɗi warwas. A 2025 GIA ta ce fiye da kashi 95 cikin 100 na irin waɗannan duwatsu da ke shiga kasuwa suna cunkushe ne a ɗan ƙaramin yanki na launi da tsabta. Daga watan Oktoban shekarar ta daina ba su matakan nan 11, ta koma raba su gida biyu kawai, na musamman da na gama-gari, ta bar tsohon ma'aunin Liddicoat ga duwatsun da aka haƙo daga ƙasa.